Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Zaɓen Ƙaramar Sakandare Ke Share Hanyar Shiga Fitattun Makarantun Gwamnati a Birnin New York

Duk shekara idan aka fitar da sakamakon shiga fitattun makarantun sakandare na gwamnati a birnin New York na ƙasar Amurka, sai gardama ta kaure a jaridu da zaurukan majalisa, kuma kusan kowa jarrabawar shigar yake nuna wa yatsa. Tambayoyin da ke ƙasa sun fi karkata ga abin da ke faruwa shekaru kafin ranar jarrabawar, lokacin da ake rarraba yara 'yan shekara 10 zuwa ƙananan sakandare, domin a nan ne mafi yawan hukuncin yake yankuwa.

Waɗanne makarantu ake nufi, kuma me ya sa ake rububinsu?

Makarantu tara ne na gwamnati waɗanda ba a biyan ko sisi a cikinsu. Uku daga cikinsu sun daɗe kuma sun fi suna: Stuyvesant da aka kafa a 1904 a Manhattan, Brooklyn Tech da aka buɗe a 1922, da Bronx Science ta 1938. Wasu biyar an shigar da su sahun ne daga 2002 zuwa 2006, wato makarantar lissafi da kimiyya da injiniyanci da ke harabar City College, da ta nazarin Amurka da ke Lehman College, da ta kimiyya ta Queens da ke York College, da Staten Island Tech, da Brooklyn Latin. Ta tara ita ce LaGuardia, makarantar kiɗa da zane da wasan kwaikwayo, wadda ita gwajin fasaha take yi wa masu nema, don haka ba ta cikin wannan takaddama.

Sunan da suka yi ba na banza ba ne. Tsofaffin ɗaliban Bronx Science tara ne suka ci kyautar Nobel, ciki har da Claudia Goldin da ta samu ta fannin tattalin arziki a 2023, Stuyvesant kuma tana da huɗu. Ga iyalin da ba su da halin biyan dubban daloli a makarantar kuɗi, gurbi a ɗaya daga cikin waɗannan makarantu shi ne ilimin masu hali a kyauta.

Yaya ake shiga takwas ɗin da ke amfani da jarrabawa?

Da jarrabawa guda ɗaya tak, wadda ake kira SHSAT. Yaro yana rubuta ta a farkon zangon aji 8, yana da kimanin shekara 13, kuma tambayoyinta rabi na Ingilishi ne rabi na lissafi, cikin awa uku. Kafin nan yaron zai jera makarantun bisa yadda ya fi so. Sai a jera duk ɗaliban daga mai maki mafi yawa zuwa ƙasa, a ba na farko zaɓinsa na farko, a ci gaba da haka har guraben su ƙare. Ba a duba sakamakon da yaro ya samu a aji, ba a neman shaidar malami, ba a yin hira, ba a kuma tambayar inda ya fito. Yawanci ɗalibai sama da 25,000 ne ke rubutawa a shekara, waɗanda ake ba gurbi kuwa ba sa wuce 4,000 zuwa 5,000, kuma Stuyvesant ce ke da makin shiga mafi tsauri.

Su wane ne ke samun guraben?

Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka su ne kusan kashi biyu cikin uku na ɗaliban makarantun gwamnati a birnin, amma shekara da shekaru abin da suke samu a guraben waɗannan makarantu takwas yana tsayawa ne a wajen kashi 10 cikin 100. 'Yan asalin Asiya, waɗanda ba su kai kashi 20 na ɗaliban birnin ba, suna samun fiye da rabi, sai fararen fata su biyo baya. Alƙaluman da suka fi tayar da ƙura su ne na Stuyvesant a 2019: cikin gurbi 895, baƙaƙen fata 7 ne kacal suka samu, 'yan Latin Amurka 33, fararen fata 194, 'yan Asiya 587. A 2021 baƙaƙen fata 8 ne cikin 749.

Tunda jarrabawa ɗaya kowa ke rubutawa, ina ruwan ƙaramar sakandare da wannan?

A tsarin birnin, yaro yana gama firamare a aji 5, ya yi aji 6 zuwa 8 a makarantar da ta yi daidai da ƙaramar sakandare, sannan ya shiga babba daga aji 9 zuwa 12. Idan aka bi sawun yaran da suka ci SHSAT aka duba inda suka fito, sai a tarar daga 'yan tsirarun makarantu suke. Gwamnatin birnin da kanta ta bayyana a 2018 cewa rabin guraben suna zuwa ne ga ɗaliban ƙananan sakandare 21 cikin kusan 600. Tun kafin nan, binciken da Sean Corcoran da Christine Baker-Smith suka fitar a 2015 a ƙarƙashin Jami'ar New York ya gano abu makamancin haka, cewa wajen kashi 5 cikin 100 na ƙananan sakandaren ne ke kwashe kusan rabin guraben. Sunayen da ke yawan maimaituwa sun haɗa da Christa McAuliffe da Mark Twain a Brooklyn, da Anderson da NEST+m da Booker T. Washington a Manhattan. A ɗaya ɓangaren kuma akwai ɗaruruwan makarantu, musamman a kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, da shekara za ta zagayo su samu mutum ɗaya ko biyu, ko su tashi a tutar babu.

Abin da ya haɗa yawancin makarantun da ke cin jarrabawar shi ne, su kansu tace ɗalibai suke yi kafin su ɗauka, ko kuma suna da aji na musamman na masu hazaƙa. Yaron da ya shiga irin wannan makaranta yana fara aljabara da wuri, yana zaune da yaran da kusan kowannensu yana shirin jarrabawar, malamansa sun san irin tambayoyin, iyayen abokansa kuma suna musayar labarin inda ake yin lesin mai kyau. Yaron da ke wata makarantar da ba ta da nisa da wannan yana iya kaiwa aji 8 bai taɓa jin sunan jarrabawar ba sai ana saura makonni, kuma wasu tambayoyin lissafin sun wuce abin da aka koya masa a aji. Takardar jarrabawar ɗaya ce, amma shekaru biyun da suka gabace ta sun bambanta ƙwarai. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a New York wannan Larabar tana faɗawa ne a aji 5.

To yaya yaro ke samun ƙaramar sakandare tun da farko?

An raba birnin gunduma 32 ta fuskar ilimi, kuma kowace gunduma tana da yadda take yi. A wasu wuraren, musamman a sassan Queens da Staten Island, yaro yana zuwa makarantar unguwarsu ne kai tsaye, wanda ke nufin kuɗin hayar gida ne ke yin zaɓen. A wasu wuraren kuma iyaye ne ke jera makarantun da suke so yaron yana aji 5, sai na'ura ta daidaita buƙatun iyaye da sharuɗɗan makarantu. Kafin annobar korona, kusan ƙananan sakandare 200 suna da sharuɗɗan tacewa, kuma abin da suke dubawa shi ne sakamakon aji 4, da makin jarrabawar jiha, da yawan fashi da makara, wasu har da hira ko tasu jarrabawar. Batun fashi da makara ya cancanci a tsaya a kansa, domin yaro ɗan shekara 9 ba shi ke kai kansa makaranta ba. Wanda mahaifiyarsa ke aikin dare, ko suke zaune a gidan marasa matsuguni ana ta sauya musu wuri, ko yake fama da ciwon asma, an rage masa maki a kan abin da ba ya hannunsa.

Tsanin yana da wani mataki a ƙasa da wannan. Shekaru da dama birnin yana yi wa yara 'yan shekara 4 jarrabawar shiga ajin masu hazaƙa. Daga 2008, a zamanin magajin gari Michael Bloomberg da shugaban hukumar ilimi Joel Klein, an sa ma'auni ɗaya ga kowa: sai yaro ya shiga cikin kashi 10 na sama kafin ya cancanci ajin gunduma, ko kashi 3 na sama kafin ya nemi makarantu biyar da ke ɗaukar yara daga duk faɗin birnin. An yi hakan da sunan adalci, amma sakamakon shi ne irin waɗannan azuzuwa suka ragu ko suka ɓace a unguwannin talakawa, saboda ba a samun isassun yaran da suka kai makin, alhali a unguwannin masu hali har lesin ake yi wa 'yan shekara 4. An daina wannan jarrabawa a 2021, aka koma ga shawarar malaman raino da ƙuri'a, amma yaran da ke rubuta SHSAT a 'yan shekarun nan da yawansu ta tsohon tsanin suka hau.

Ai zaɓi aka ba kowa. Ta ina rashin daidaito ke shigowa?

Zaɓi yana amfanar wanda ke da lokaci da labari. Dole uba ko uwa su san ranar da ake buɗe rajista, su halarci ranakun ziyarar makarantu da wasu lokuta ke faɗawa cikin lokacin aiki, su fahimci bambancin sharuɗɗan wannan makaranta da waccan, su kuma san yadda ake jera zaɓi. Akwai iyayen da ke biyan masu ba da shawara kuɗi domin wannan aiki kawai. Baƙon da ya zo ƙasar shekara uku da suka wuce, yana tuƙin tasi awa 12 a rana kuma Ingilishinsa bai nuna ba, yawanci makarantar da ta fi kusa da gida zai rubuta, ko wadda maƙwabci ya ambata masa, kuma ba laifinsa ba ne. Nisa ma wani shinge ne, domin ba kowane mahaifi ne zai yarda ɗan shekara 11 ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa shi kaɗai tafiyar awa guda ba.

Sannan zaɓin ya doru ne a kan birnin da tuni yake a rarrabe. Rahoton da cibiyar nazarin 'yancin ɗan adam ta Jami'ar UCLA ta fitar a 2014 ya ce makarantun jihar New York su ne suka fi na kowace jiha a Amurka rarrabuwa ta fuskar launin fata, shekara 60 cif bayan hukuncin kotun ƙoli na 1954 da ya haramta wariya a makarantu.

Makarantar ce ke gyara yaron, ko kuwa gwanaye kawai take tarawa?

Wannan tambaya tana da muhimmanci, kuma amsarta ba ta yi wa kowane ɓangare daɗi sosai ba. Corcoran da Baker-Smith sun gano cewa idan aka kwatanta yaran da suke da maki iri ɗaya tun daga firamare, tasirin ƙaramar sakandaren da suka shiga yana raguwa ƙwarai. Wato babban dalilin da ya sa makaranta irin Christa McAuliffe ke tura ɗalibai da yawa shi ne tun farko ta ɗauki waɗanda suka riga suka yi gaba. Wannan yana nuna cewa giɓin ya buɗe tun kafin aji 6, kuma ɗauke yaro daga wannan makaranta zuwa waccan ba zai rufe shi nan take ba.

Sai dai binciken ya nuna wani abu kuma: ko da makin jarrabawar jiha ya zo ɗaya, baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka da 'yan mata da 'ya'yan talakawa sun fi fuskantar rashin samun gurbi. Don haka ba za a ce hazaƙa kaɗai jarrabawar ke aunawa ba, akwai shiri na musamman da ke shiga ciki. A ganina kuskure ne a ɗauki abu na farko da binciken ya gano a matsayin wanke tsarin tacewa. Idan aka kwashe duk yaran da suka yi gaba aka tara su a makarantu ƙalilan, sauran makarantun ba za su samu isassun ɗaliban da za a buɗe wa ajin lissafi mai zurfi ba, kuma yaro mai basira da ya makara wajen nuna kansa zai rasa inda zai kama.

Tun asali haka abin yake?

A'a, kuma wannan shi ne abin da ya fi karya hujjar masu cewa wasu al'ummomi ba su damu da karatu ba. A shekarun 1970 baƙaƙen fata sun kai wajen kashi 10 cikin 100 na ɗaliban Stuyvesant, yau kuwa ba su wuce kashi 1 ko 2 ba. A shekarun 1980 baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka su ne mafi rinjaye a Brooklyn Tech, kuma da jarrabawa suka shiga. Tsofaffin ɗaliban wancan zamani sukan danganta hakan da azuzuwan gaggawa da ake da su a ƙananan sakandaren unguwanni, inda ake ware yara masu ƙoƙari a cikin makarantar unguwarsu a ba su karatu mai nauyi. Waɗannan azuzuwa sun yi ta raguwa, aka maye gurbinsu da makarantun zaɓi da ke tattare a wasu gundumomi. A daidai wannan lokaci baƙi daga Sin da Koriya da Bangaladesh da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka ƙaru, harkar lesin ta zama babbar sana'a a wurare irin su Flushing da Sunset Park, gasar kuma ta yi zafin da ba a taɓa gani ba.

Me ya hana birnin sauya hanyar ɗaukar ɗaliban?

Doka ce ta jiha. A 1971, lokacin da shugaban hukumar ilimi Harvey Scribner ya nemi a binciki ko jarrabawar tana nuna bambanci, 'yan majalisar jiha biyu daga Bronx, Burton Hecht da John Calandra, suka gabatar da dokar da ta wajabta cewa jarrabawa ce kaɗai hanyar shiga Stuyvesant da Bronx Science da Brooklyn Tech. Saboda haka magajin gari ba shi da ikon taɓa waɗannan uku sai majalisar jihar da ke Albany ta amince. Sauran biyar ɗin birnin ne da kansa ya sa su a sahun, kuma akwai masu ganin zai iya cire su ba tare da neman izini ba, amma babu magajin garin da ya yi hakan. Dokar ta bar ƙofa ɗaya, wato shirin Discovery, wanda ke ba 'ya'yan marasa hali da suka gaza da ɗan maki damar yin karatun bazara sannan a ɗauke su. A 2012 ƙungiyar lauyoyin kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP Legal Defense Fund ta kai ƙorafi ma'aikatar ilimi ta tarayya a kan jarrabawar, amma hakan bai sauya tsarin ba.

Wane gyara Bill de Blasio ya nema, kuma ina aka kwana?

A watan Yunin 2018 magajin gari de Blasio da shugaban hukumar ilimi Richard Carranza suka gabatar da abu biyu. Na farko, a faɗaɗa Discovery zuwa kashi 20 na guraben, a kuma keɓe shi ga ɗaliban makarantun da talauci ya yi wa katutu, kuma wannan an aiwatar da shi domin yana hannun birnin. Na biyu, a soke SHSAT a hankali a ba kashi 7 na sama na kowace ƙaramar sakandare gurbi. Gwamnatin ta ƙiyasta cewa hakan zai ɗaga rabon baƙaƙen fata da 'yan Latin Amurka daga kashi 9 zuwa kashi 45. Wannan bai tsallake majalisar jiha ba.

Abin lura shi ne shirin kashi 7 yana aiki ne saboda ƙananan sakandaren a rarrabe suke, kamar yadda dokar kashi 10 ta jihar Texas ta 1997 ke yi wajen shiga jami'a. Da makarantun a cakuɗe suke, ɗibar na sama daga kowacce ba zai sauya komai sosai ba. Binciken 2015 ya riga ya gwada wasu hanyoyin a lissafi, ya gano cewa maye gurbin SHSAT da sakamakon aji da jarrabawar jiha da halartar makaranta zai ƙara yawan 'yan mata da fararen fata da 'yan Latin Amurka, ya rage 'yan Asiya, amma ba zai ƙara baƙaƙen fata yadda ake zato ba. Hanyar da ta kawo babban sauyi a lissafin ita ce ta raba gurabe bisa makaranta.

Me ya sa iyaye 'yan asalin Asiya suka yi tsayuwar daka a kan jarrabawar?

Domin da yawansu talakawa ne, kuma suna ganin jarrabawar ita ce ma'aunin da ba ya buƙatar sanin wani ko iya magana da hukuma. Kaso mai yawa na ɗaliban Stuyvesant da Brooklyn Tech 'ya'yan masu aikin gidan abinci ne da direbobi da masu gyaran farce, waɗanda ke tsuke bakin aljihu su biya lesin. Shirin kashi 7 da zai fi cutar da yaran da ke makarantun da gwanaye suka yi cincirindo, inda yaro zai iya zama na tsakiya a ajinsa alhali ya fi na ɗaya a wata makarantar maki. Sun kuma koka cewa ba a tuntuɓe su ba kafin a sanar da shirin, kalaman Carranza na cewa babu wata ƙabila da ta mallaki makarantun kuma suka ƙara rura wutar. A ƙarshen 2018 ƙungiyar iyayen Christa McAuliffe ta shiga cikin waɗanda suka kai birnin kotu a kan faɗaɗa Discovery, tunda sabon sharaɗin ya cire ɗaliban makarantarsu ko da su kansu talakawa ne. Wannan ƙorafi na ƙarshe yana da tushe, domin auna talaucin makaranta ba ɗaya ba ne da auna talaucin yaro.

An taɓa gwada cire tacewa a ƙananan sakandaren?

An gwada. Gunduma ta 15 a Brooklyn, wadda ta haɗa unguwar masu hali ta Park Slope da unguwannin baƙi da talakawa na Sunset Park da Red Hook, ta soke tacewa gaba ɗaya daga 2019, ta koma ƙuri'a tare da ba da fifiko a kashi 52 na guraben kowace makaranta ga 'ya'yan marasa hali da masu koyon Ingilishi da marasa matsuguni. Makarantun sun fi cakuɗuwa bayan haka, kuma guduwar masu hali da aka yi ta tsoro ba ta auku yadda aka yi hasashe ba. Gunduma ta 3 a Manhattan ta ɗauki mataki mai sauƙi, ta keɓe kashi 25 ga yara marasa hali masu ƙarancin maki. A watan Disambar 2020 korona ta sa aka dakatar da tacewa a duk ƙananan sakandaren birnin, tunda babu sakamakon jarrabawar da za a duba. A 2022, a zamanin magajin gari Eric Adams, shugaban hukumar ilimi David Banks ya bar wa shugabannin gundumomi su yanke shawara, kuma makarantun da suka dawo da tacewa ba su kai rabin na da ba. Duk da haka alƙaluman SHSAT ba su motsa sosai ba, abin da ya dace da abin da bincike ya nuna cewa giɓin ya girmi aji 6.

Yaya sauran biranen Amurka suke yi?

Chicago tana ba kashi 30 na guraben ga masu maki mafi yawa, ta raba sauran kashi 70 daidai tsakanin rukuni huɗu na unguwanni bisa halin tattalin arzikinsu. Boston, inda makarantar Boston Latin da aka kafa a 1635 take, ta ɗauki tsari mai kama da wannan a 2021. Makarantar Thomas Jefferson da ke Fairfax a jihar Virginia ta soke jarrabawarta a 2020, ta keɓe wa kowace ƙaramar sakandare gurabe daidai da kashi 1.5 na ɗalibanta na aji 8, rabon 'yan Asiya ya sauko daga sama da kashi 70 zuwa wajen kashi 54, iyaye suka kai ƙara, kotun ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar a watan Fabrairun 2024. Makarantar Lowell ta San Francisco ta koma ƙuri'a na ɗan lokaci, iyaye suka fusata, aka dawo da tsohon tsari a 2022.

Wannan bai yi kama da rabon gurabe a makarantun haɗin kai na Najeriya ba?

Akwai kama ta fuska ɗaya. A jarrabawar shiga makarantun gwamnatin tarayya da hukumar NECO ke shiryawa, makin shiga ya kan bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma hujjar ita ce yara ba su taso daga firamare iri ɗaya ba. Ƙorafin da ake ji daga jihohin da makinsu ya yi sama shi ne irin wanda iyayen Brooklyn ke yi. Bambancin shi ne a Amurka kotuna sun toshe hanyar raba gurabe kai tsaye bisa launin fata, shi ya sa ake bi ta unguwa ko ta makaranta ko ta halin iyaye.

Shiga waɗannan makarantu yana sauya rayuwar yaro kuwa?

Ba kamar yadda ake ɗauka ba. Masana tattalin arziki Atila Abdulkadiroglu da Joshua Angrist da Parag Pathak sun kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka gaza da ƙyar a New York da Boston, suka tarar bambancin sakamakonsu daga baya kaɗan ne ƙwarai. Will Dobbie da Roland Fryer sun gano makamancin haka game da shiga jami'a da kammala ta. Dalili shi ne yaron da ya gaza da maki biyu gwani ne, kuma yawanci wata makaranta mai kyau yake faɗawa, irin su Townsend Harris ko Beacon ko Bard. Binciken yana magana ne a kan yaran da ke bakin iyaka kawai, kuma bai auna abokai da hanyoyin da yaro ke samu ba, waɗanda a Amurka suna da nauyi. Amma yana tunatar da cewa waɗannan makarantu ba su ɗauke da ko kashi 10 na ɗaliban babbar sakandare a birnin, alhali su suka cinye kusan duk muhawarar.

Me iyayen da ke zaune a birnin ya kamata su sa wa ido?

Akwai Hausawa 'yan zango daga Ghana da 'yan Nijar da 'yan Najeriya a Bronx da Harlem, kuma 'ya'yansu suna cikin gundumomin da suka fi samun ƙarancin gurabe. Abu na farko shi ne a fara bincike yaro yana aji 4, domin sakamakon wannan shekarar ne makarantu masu tacewa ke dubawa. A tambayi kowace ƙaramar sakandare ko tana koyar da aljabara a aji 8, da kuma ɗalibanta nawa suka rubuta SHSAT bara, nawa suka ci. A nemi shirin DREAM, wanda birnin ke yin lesin jarrabawar kyauta ga 'ya'yan marasa hali da suka cancanta, a kuma tambayi mai ba ɗalibai shawara ko yaron ya cika sharuɗɗan Discovery. Rajistar SHSAT kyauta ce kuma dabam take da takardar neman sauran manyan sakandare, don haka yaro yana iya neman biyun a lokaci guda ba tare da ɗaya ta shafi ɗaya ba. Sauran makarantu masu tacewa sakamakon aji 7 suke dubawa tun daga 2022, suna kasa ɗalibai rukuni rukuni sannan a jefa ƙuri'a a cikin kowane rukuni, saboda haka makin aji 7 yana da nauyi ko da yaron bai ci jarrabawar ba. Wanda Ingilishi ke ba wahala yana da haƙƙin neman tafinta kyauta daga makaranta ko daga cibiyoyin karɓar iyalai na hukumar ilimi da ke kowane yanki na birnin.